Tsohuwar Vanagon da Ciwon Shaƙewa a Tsakiyar Hanya

Masu tsohuwar Volkswagen Vanagon a Amurka da Kanada sun san wannan ciwo sarai. Mota ta yi awa ɗaya ko biyu tana tafiya lami lafiya a kan babbar hanya, ƙafar direba na wuri guda a kan totur, sai kwatsam ta soma fizga, ƙarfinta ya zube, kamar mai ya ƙare alhali tanki na da rabi. Direba ya gangara gefe, ya kashe inji, ya sake murza makulli, sai ta tashi garau. Washegari ya kai ta gareji, bakanike ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga komai ba. Abin ya yawaita har masu motar suka raɗa masa suna ciwon Vanagon.

Vanagon shi ne sunan da aka sayar da ita da shi a Arewacin Amurka. A Turai Transporter ce, zubi na uku, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1979. Duk wanda ya taɓa shiga Legas ya san siffarta, domin da yawa daga cikin danfo masu ruwan ɗorawa ita ce. Kamfanin Westfalia ya riƙa karɓar wasu yana mayar da su ɗakin kwana mai tafiya, da gado da murhun gas da ɗan firji da wurin wanke kwanuka, ga rufi da ake ɗagawa sama idan an yada zango. Injin yana baya, tankin mai yana gaba. Masu amfani da fetur da aka kai Amurka daga 1980 zuwa 1983 iska ce ke sanyaya injinsu, kuma tsarin L-Jetronic na kamfanin Bosch ke ba su mai. A 1983 aka koma inji mai ruwa na lita 1.9 da tsarin Digijet, daga 1986 zuwa 1991 kuma lita 2.1 da tsarin Digifant. Ke nan autarsu ma ta haura shekara 30, kuma wayoyinta da robobinta shekarunsu ɗaya da ita.

Babu kafireta a waɗannan da aka kai Amurka. Ƙwaƙwalwar lantarki ce, wadda bakanikai ke kira birenbos, take yanke tsawon lokacin da kowace injekta za ta buɗe ta fesa mai. Ita kuwa ba ta ganin inji, da rahoto take aiki. Wata na'ura ta gaya mata yawan iskar da ta shiga, wata ta gaya mata gudun juyawar inji, wata zafin ruwa, wata matsayin totur, wata kuma abin da ya rage na iskar oksijin a cikin hayaƙi. Idan ɗaya ta kawo rahoton ƙarya, ƙwaƙwalwa za ta yi lissafinta daidai a kan ƙaryar, ta ba da mai fiye da kima ko ƙasa da buƙata. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga ita aka fara zargi. Tana lalacewa, musamman idan dalmar da ke riƙe da ƙafafun kayan cikinta ta tsattsage, amma a jerin waɗanda ake tuhuma ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi tsada.

Wahalar ita ce motar ba ta ajiye tarihin laifinta. Sai a 1996 aka wajabta wa sababbin motoci a Amurka ramin nan na OBD-II da ake soka kwamfuta a karanta matsala. A kan Vanagon kayan aikin mai gyara uku ne: mitar auna wuta, ma'aunin ƙarfin mai, da tambaya. Ta ukun ta fi sauran amfani. Da sanyin safiya take mutuwa ko sai ta ɗau zafi? A silo take ɗaukewa ko sai an taka totur take shaƙewa? A hawan tudu ne, ko a hanya mai gargada? Idan an kashe aka tayar, tana warkewa? Na minti nawa? Kowace amsa tana rufe wasu ƙofofi ta bar ɗaya ko biyu a buɗe.

Ciwon doguwar hanya da aka ambata a sama yawanci daga ma'aunin iska yake. Akwati ne na alminiyom da ke bayan matatar iska, a cikinsa akwai wani marfi mai sifirin. Iskar da inji ke zuƙa tana tura marfin, shi kuma yana jan wani siririn hannu na ƙarfe da ke goga a kan baƙin layi na gawayi. Inda hannun ya tsaya a kan layin, shi ne adadin wutar da ke zuwa wa ƙwaƙwalwa. To motar zango rayuwarta a doguwar hanya take, a gudu kusan iri ɗaya, saboda haka hannun yana shafe dubban awoyi yana karkarwa a wuri guda har ya cinye gawayin wurin. Daga nan saƙon ya zama mai tsalle-tsalle, ƙwaƙwalwa ta rikice, sai an ɗauke mata wuta an mayar take dawowa hayyacinta. Kamfanin Volkswagen da kansa ya fitar da wata gajeriyar waya da ake sakawa tsakanin ma'aunin da soket ɗinsa don tace wannan saƙo. Masu motar kuma suka gano cewa ƙaramar kafasita ta maikurofarad 22, idan aka liƙa ta da dalma a kan wayar saƙon, aiki ɗaya take yi a kan kuɗi ƙalilan.

Gwajin ba shi da wuya. A buɗe makulli ba tare da an tayar da inji ba, a ɗora mita a kan wayar saƙo, a tura marfin da yatsa sannu a hankali. Wuta ta riƙa hawa sumul. Duk inda ta faɗi ko ta yi tsalle, nan ne layin ya cinye. Mita mai allura ta fi mai lambobi nuna wannan. Masu haƙuri sukan ɗan gusar da allon da layin ke kai ta yadda hannun zai hau sabon wuri a kan gawayin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne taɓa ƙafar haƙoran da ke ɗaure sifirin. A masana'anta aka saita ta, kuma wanda ya juya ta don ya ɓoye wata matsala ya ƙara wa mai gyara na gaba aiki biyu.

Sai iskar sata. Duk iskar da ta shiga inji ba ta bi ta ma'auni ba, ƙwaƙwalwa ba ta san da ita ba, ba kuma za ta ba ta rabonta na mai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan bangon roba ne: babban tiyo mai lanƙwasa da ya haɗa ma'auni da maƙogwaron inji, ƙananan tiyo na jan iska, da zoben roba da ke bakin kowace injekta. Tsagar kan ɓuya a ƙasan lanƙwasa, ta buɗe idan inji ya motsa a kan mazauninsa, shi ya sa mota kan yi tari daidai lokacin da aka saki kuloci. Sai an cire tiyon an murɗa shi a cikin haske ake ganinta.

Idan kuwa mota lafiya lau take da sanyi, sai ta yi zafi ta soma baƙin hayaƙi tana mutuwa a mahaɗar hanya, a nufi na'urar zafin ruwa. Ƙarama ce, ba ta kai babban yatsa ba. A zafin digiri 20 mita za ta nuna kusan om 2,500, a digiri 80 kuma kusan om 300. Idan soket ɗinta ya yi tsatsa, adadin yana hawa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu inji na da sanyi, ta yi ta ɗura masa mai har fulogi su jiƙe. Na'urar oksijin da ke jikin salansa tana iya kawo irin wannan. Wutarta tana kai da kawo tsakanin kusan volt 0.1 da 0.9, kuma koriyar wayar da ke ɗauke da saƙonta tana da rigar ƙarfe a ciki. Idan zaren rigar ya taɓa wayar tsakiya, ƙwaƙwalwa za ta riƙa karanta cewa mai ya yi kaɗan, ta yi ta ƙari. Alamarta ita ce mota ta warke bayan an sake tayarwa, amma ciwon ya dawo cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, domin da farko ƙwaƙwalwa ba ta sauraron wannan na'ura. A zare soket ɗinta a yi tafiya. Idan mota ta daidaita, an san inda za a tona.

Duk waɗannan na'urori da ƙananan wuta suke magana, saboda haka hanyar da wuta ke komawa jikin ƙarfen mota dole ta kasance tas. A motocin Jamus wayoyin da ke wannan aiki ruwan ƙasa ne. Wasu suna ɗaure a jikin inji, akwai kuma kitsattsiyar waya da ta haɗa akwatin giya da gangar mota. A kwance su, a goge da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, a ɗaure. Aikin rabin awa ne da ba ya cin ko kwabo, kuma da shi ya kamata a fara kafin a sayi komai.

Wasu biyu ba sa buƙatar dogon bayani. A jikin maƙogwaron inji akwai makunni da ke yin ƙas idan totur ya bar silo. Idan ya maƙale a rufe, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka direba ya ɗaga ƙafa, ta yanke mai a tsakiyar tafiya. A cikin distiributa kuma akwai na'urar Hall mai siraran wayoyi uku da kan karye a bakin soket. Idan ita ce, allurar juyin inji za ta faɗi ƙasa nan take tun mota na gangarawa, abin da ba ya faruwa idan mai ne ya yanke.

Mai kansa yana da nasa labarin, kuma a nan motar zango ta bambanta da danfo. Danfo kullum tana kan hanya, ita kuwa takan yi watannin hunturu a ajiye. Fetur ɗin Amurka yawanci yana da kashi 10 cikin ɗari na itanol, wanda ke jan danshi, sai ruwa ya kwanta a gindin tanki ya haifar da tsatsa. Tsatsar ta toshe bakin tanki ko filta, famfo ya riƙa kuka da ƙarfi yana neman abin da zai zuƙa, mota ta kasa hawa tudu. Ma'aunin ƙarfin mai zai raba gardama: kusan bar 2 a silo, bar 2.5 idan an zare tiyon iska daga na'urar daidaita ƙarfin mai, kuma famfo ya zubo aƙalla rabin lita cikin daƙiƙa 30. Sabon famfo a kan tanki mai datti ba ya daɗewa.

A garejojinmu an saba, idan tsohuwar mota mai injekta ta gagara, a ce a cire a sa kafireta. Na fahimci dalili, domin kafireta kowa ya iya ta, kayanta kuma suna nan a kasuwa. Amma sau da yawa ana zubar da tsari lafiyayye ne saboda waya ɗaya mai tsatsa, a koma shan mai da yawa da wahalar tashi da safe. A jihar Kalifoniya ma doka ba ta bari, tunda motocin 1976 zuwa sama sai sun ci gwajin hayaƙi da kayansu na asali.

Akwai abu ɗaya da ba a jira sai ya nuna alama. Tiyon mai na wannan mota suna bi ta saman inji, kusa da salansa mai zafi, ɗauke da fetur mai ƙarfin bar 2 ko fiye, kuma Vanagon da yawa sun ƙone ƙurmus saboda tsagar da ba ta kai tsinin allura ba. A motar da iyali ke kwana a ciki, ga tukunyar gas a ƙarƙashinta, duk wanda ya buɗe murfin inji don neman dalilin shaƙewa ya canja tiyon nan gaba ɗaya da irin wanda aka yi domin injekta, da maɗauran da ba sa yanka roba, sannan ya ajiye abin kashe gobara inda hannun direba zai kai.