Daga Nuzla zuwa Balad: Abin da baƙo zai gani a Jidda cikin kwana biyu na hunturu

Ga mafi yawan alhazan Najeriya da Nijar, Jidda zango ce kawai: a sauka daga jirgi, a kama hanyar Makka. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da zafin rana kan tsaya a kusan digiri 30, ana iya zagaya birnin a ƙafa, kuma kwana biyu sun isa mutum ya ga yadda Jidda ke adana wani ɓangare na tarihinta tana rushe wani.

A fara daga Nuzla

Unguwar Nuzla Yamaniyya, a kudancin birnin, sananniya ce ga Hausawa. Ita da Karantina da Sabil sun daɗe suna ba Takaru masauki, wato jikokin mahajjatan Afirka ta Yamma, da fatake 'yan Kano-Jidda.

Daga ƙarshen 2021 hukumomi suka soma rusau a unguwanni fiye da 60, ciki har da Nuzla, bisa hujjar cewa an gina su ba bisa tsari ba. Rubutun bango da mazauna suka fi tunawa a lokacin kalma ɗaya ce da ake fesawa a jikin gidaje: "ikhla", wato a tashi. Ƙungiyar Amnesty International ta soki yadda aka bar baƙi 'yan ci-rani ba diyya.

Fadar Khuzam ta Sarki Abdul'aziz na nan a tsaye. A cikinta aka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar man fetur da wani kamfanin Amurka a 1933. Hedikwatar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ma a wannan unguwa take.

Gine-gine da kasuwannin Balad

Daga nan sai a nufi arewa zuwa Balad, tsohon garin da UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. An gina gidajensa masu benaye da duwatsun murjani na Bahar Maliya, aka yi musu tagogin katako masu sassaƙa da ake kira rawashin. Suna shigar da iska, suna kuma tsare sirrin gida daga idon masu wucewa. Mafi shahara shi ne Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925.

A gefensa Kasuwar Alawi take, mai turare da dabino da kayan yaji da jallabiyoyi. Ta fi cika bayan Magariba, kuma wanda ya saba taya kaya a Kurmi ba zai ji baƙunta ba.

Zane-zanen bakin teku

Rana ta biyu ta bakin teku ce. Muhammad Sa'id Farsi, magajin garin Jidda a shekarun 1970 da 1980, ya cika shataletale da ayyukan masu fasaha irin su Henry Moore da Joan Miró. An gyara wasu, aka tara su a fili ɗaya a unguwar Hamra, inda ake hango ruwan Sarki Fahad yana tsartuwa sama da daddare.

Sai dai mai neman labarin Hausawan Nuzla ba zai same shi a jikin allo ba. Yana bakin tsofaffin da suka watsu a sauran unguwannin birnin.