Za mu kwana a bakin tafki

Yara, mun karanta labarin tafki a cikin littafi. Mun zana shi a allo, mun sa masa kifi da tsuntsaye. Amma da yawa daga cikinku ba su taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin bayan gari girma ba. Shi ya sa wani lokaci malam yake fitar da ƴan ajinsa daga lakwal, su je su gani da idonsu, su kwana can, su komo washegari.

Ƴan lakwal na Damagaram suna iya zuwa tafkin Gidimuni. Na Tawa suna da Tabalak. Mu na Maradi, Madarunfa ce kusa da mu. Tana kudu da birni, tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Gulbin Maradi yana ratsa wannan ƙasa. Daga Najeriya yake tahowa, ya bi ta Madarunfa da Maradi da Tibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Da damina tafkin yana cika, da rani ya ja baya. A kewayensa akwai kaburbura waɗanda mutanen wurin suke cewa na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyararsu. A shekarar 2006 ƙasarmu ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take so UNESCO ta ƙidaya cikin kayan tarihi na duniya.

Ba a tashi rana ɗaya a ce an tafi. Wata guda kafin tafiya, shugaban lakwal yana neman izinin hukuma. Idan hukuma ta ce hanya ba lafiya, sai a fasa, ko a sake wuri. Ba a gardama a kan wannan. Idan an yarda, malam yana zuwa shi kaɗai tukuna. Ya gai da mai gari, ya nemi fili mai tudu inda za a kwana, ya ga inda famfo yake, ya san gidan likita.

Lokacin ɗari ya fi kyau, wajen watan Disamba ko Janairu. An gama aikin gona, ba ruwan sama, sauro ya ragu. Tsuntsaye kuma suna da yawa, har da baƙi waɗanda suka gudo wa sanyin ƙasashen Turai. Amma kada ku nemi shamuwa. Ita da damina take zuwa mana, yanzu ta yi kudu.

Sai taron iyaye. Wannan shi ne babban aiki, ya fi neman mota wuya. Ɗan da bai taɓa kwana wani wuri ba sai ɗakin uwarsa ko na kakarsa, yau an ce zai kwana a daji. Dole hankalin iyaye ya tashi. Wata shekara wani dattijo ya tsare ni bayan taro, ya ce:

— Malam, namiji ya tafi, ban hana ba. Amma ɗiyata ba ta kwana inda ba uwarta.

Na ce masa:

— Baba, kana da gaskiya. To, idan mata biyu daga ƙungiyar uwayen yara suka bi mu, suka kwana tare da ƴan mata, wuri dabam da na maza fa?

Ya yi shiru, sannan ya ce sai ya san matan. Da aka faɗa masa, ashe ɗaya maƙwabciyarsa ce. Yarinyar ta tafi, kuma ita ce ta fi kowa rubuta sunayen tsuntsaye. Tun ran nan ba na fita da yara sai da iyaye mata biyu da uba ɗaya.

Ku ma kuna da aiki a nan. Idan kun koma gida, ku gaya wa iyayenku abin da aka ce, yadda aka ce shi: ranar tashi, ranar komowa, wurin kwana, da manyan da za su raka ku. Kada ku ƙara, kada ku rage. Yaron da ya ce wa uwarsa za a shiga jirgi a tsakiyar ruwa, don ya yi burga, ya hana kansa tafiya. Kuma idan wani yana da ciwo, kamar asma ko farfaɗiya ko ciwon sikila, ko yana shan wani magani, iyaye su sanar da malam. Wanda yake fitsarin kwance ma a faɗa a asirce. Malam zai tashe shi cikin dare, ba wanda zai ji.

Zancen kuɗi a taron ake yanke shi. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar hatsi ko ta wake. Ba a barin yaro a gida saboda rashi.

Me za ku ɗauka? Tabarma, da bargo ko zane mai kauri, da rigar sanyi. Da rana za ku ce malam ya cika tsoro, amma da asuba a bakin ruwa haƙora har kaɗawa suke. Ku ɗauki sange, ko da mutum biyu za su shiga ɗaya, don bakin tafki ba ya rabuwa da sauro, shi kuwa sauro da dare yake ba mutum zazzaɓi. Sai kwano, da moɗa, da buta, da sabulu, da takalmi, da littafin rubutu da abin rubutu. Mai tocila ya zo da ita. Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, gyaɗa. Kowa ya sa wa kayansa alama. Baka kuwa, da danƙo na harbin tsuntsu, su zauna gida. Kallo za mu je yi.

Yanzu ku buɗe kunnuwanku, ga maganar da ta fi duka. Ba a shiga ruwan tafki. Ba wanka, ba iyo, ba tsoma ƙafa. Na san za ku ga yaran garin suna ciki suna wasa, ranku ya biya. Dalili biyu ne. Na farko, ƙasan tafki laka ce, akwai ramuka, wanda bai san wurin ba yana iya nutsewa kafin a ankara. Na biyu shi ne tsargiya. A cikin ruwan da yake kwance akwai ƙananan katantanwa. A jikinsu wasu tsutsotsi suke girma, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Idan mutum ya shiga, sai su huda fatarsa su shige cikin jini. Ba ya jin kome ran nan, sai ɗan ƙaiƙayi. Bayan makonni, ko watanni, sai ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Idan mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya koma wurin katantanwa, abin ya sake zagayowa. Wasu suna cewa fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a gidan likita.

Ruwan sha daga famfo za a ɗebo shi. Muna ƙidaya wa kowane mutum lita 5 a rana, don sha da alwala da wanke hannu da girki. Idan zawo ya kama wani, iyaye mata sun san abin yi: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan har a kai shi likita.

Malam zai raba ku biyar-biyar, kowace ƙungiya da shugabanta. Za a ƙidaya ku wajen shiga mota, da wajen sauka, da magariba, da lokacin kwanciya, da safe. Kada ku gaji da ƙidayar. Farkon fitata da yara, ban ƙidaya da magariba ba. Sai da aka zuba tuwo na ga kwano ɗaya ba mai shi. Muka bazu da fitilu muna kira, gabana yana faɗuwa, ina duban ruwa. Can muka same shi zaune wurin wani masunci, yana kallon yadda ake ɗinkin koma. Shi bai san ma ana nemansa ba. Ni kuwa ban runtsa ba har gari ya waye.

Da dare ba mai fita shi kaɗai, ko da kewayawa zai yi. Ya ta da ɗan'uwansa, su ɗauki fitila. Da safe ku kakkaɓe takalmanku kafin ku sa, don kunama tana son wuri mai ɗumi. Kada ku zura hannu cikin rami ko ƙarƙashin itace. Idan maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa. A kwantar da shi, kada ya yi gudu, a ɗauke shi zuwa likita nan da nan.

Mu baƙi ne a garin. Ku gai da manya. Wurin kaburbura ba a dariya, ba a guje-guje. Idan kuna son sanin abu, ku tambayi masunta da ladabi: wane kifi ne ya fi yawa, tarwaɗa ko karfasa? A wane wata ruwa yake ja baya? Ku dubi gawo, ku ga yana da ganye ko babu, ku tuna yadda yake da damina. Kome kuka gani ku rubuta da Hausa, in mun komo mu nemi sunansa da Faransanci. Kafin mu tashi, a kashe wuta da ƙasa, a tsince leda, a je a yi wa mai gari ban kwana.

Aikin gida: ƴan aji 40 ne, manya 5. Za a yi kwana 2. Jarka ɗaya tana cin lita 25. Jarka nawa za a ɗebo? Ku kawo amsa gobe, tare da amsar iyayenku.