Mu bar wa dabbobi hanyarsu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, naman daji ba ya zama wuri guda. Da damina raƙuman dawa suna kiwo bisa tudun Kure, gabas da Yamai. Da rani sai su gangara Dallol Boso, inda gawo yake da ganye. In gonaki suka toshe tsakanin wuraren nan biyu, ko aka sare itatuwan hanya, yunwa za ta kora su cikin wakenmu.

A 1996 raƙuman dawan ƙasarmu wajen 50 kaɗai suka rage. Da mutanen karkara suka sa hannu wajen tsaronsu, a 2018 sun wuce 600, har aka kai 8 gandun dajin Gadabeji, cikin jihar Maradi.

Ko garin da babu raƙumin dawa yana da burtali. Toshe shi yana kawo ɓarna, ɓarna kuma tana kawo faɗa. Saboda haka duk wanda ya samu horo, wajibi ne ya sanar da wanda bai je ba. Ga yadda za mu yi:

1. Mu tara maza da mata gaban mai gari.
2. Mu zana garinmu a ƙasa: daji, tabki, fadama da hanyoyin da suka haɗa su.
3. Mu zagaya tare, mu ga inda gona ta ci burtali.
4. Mu nuna yadda ake barin tohon gawo da kalgo lokacin sassabe.
5. Mu gayyaci ma'aikatan gandun daji su ƙara mana bayani.

Mu rubuta abin da muka yanke, mu karanta shi kafin shuka.