Yadda Ake Farfaɗo da Tsohuwar Mustang a Garejin Gida: Tsatsa Ce Babbar Matsala, Ba Inji Ba

A watan Janairun 2020 an yi gwanjon wata Ford Mustang ƙirar 1968 a garin Kissimmee na jihar Florida a Amurka, aka saye ta a kan dala miliyan 3.74. Fentinta ya koɗe, ga tsatsa nan da can a jikinta, amma ita ce motar da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt. Irin wannan labari na cikin abubuwan da ke sa Ba'amurke ya sayo motar da ta shekara ashirin a ajiye, ya turo ta garejin gidansa da niyyar mayar da ita sabuwa. Wasu kan kammala. Wasu kuwa bayan shekara biyu ko uku sai a ga tallar motar a intanet, an wargaza ta, kayanta cike da kwalaye, ana neman wanda zai saya ko da a faɗuwa ne.

Abin da ya fi raba waɗannan mutane biyu shi ne inda suka sa ido tun farko. Sabon shiga inji yake dubawa, alhali inji shi ne sashen da ya fi sauƙin gyara. Abin da ke cinye kuɗi da shekaru shi ne ƙarfen bodi, sai kuma rashin bin aikin daki-daki.

Wace irin mota ce wannan?

Amurkawa na kiran waɗannan motoci muscle car, wato mota mai ƙwanji: matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu da aka cusa wa babban inji mai silinda takwas, wanda ake kira V8, tayoyin baya ke ja. Galibi ana fara lissafin zamaninsu daga Pontiac GTO ta 1964, mai inji lita 6.4. Daga nan aka shiga gasa, aka samu irin su Dodge Charger da Chevrolet Chevelle SS, wadda a 1970 ta kai ƙarfin doki 450. Zamanin bai yi tsawo ba. Dokar tsaftace iska ta 1970, tsadar inshora, da matsalar man fetur ta 1973 suka taru suka kawo ƙarshensa.

Mustang ta fito a watan Afrilun 1964. Masu tsaurin ra'ayi na sa ta a wani aji na ƙananan motoci, amma a 1967 an faɗaɗa ta har ta ɗauki injin 390, mai lita 6.4 da ƙarfin doki 320, wanda ya shigar da ita sahun masu ƙwanji. Ƙirar 1967 da 1968 na cikin waɗanda aka fi gyarawa a gida, don haka da su za a yi misali.

Me ya sa ake iya gyara ta a gida?

Babu kwamfuta a cikinta. Motar zamani cike take da na'urori da manhajoji, kuma tun 1996 duk motar da ake sayarwa a Amurka tana da ramin OBD-II inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Mustang ta 1967 ba ta faɗin abin da ke damunta. Sai dai abin da injinta ke bukata huɗu ne kacal: mai, iska, wuta da matsi. Kabureta ce ke gauraya mai da iska, distiributa ke raba wa fulogogi wuta. Idan ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ɓata, kuma ana iya gwada kowanne da kayan aiki masu araha.

Dalili na biyu shi ne kayan gyara. Ford ta sayar da Mustang miliyan ɗaya kafin motar ta cika shekara biyu a kasuwa, saboda haka har yau akwai kamfanonin da ke ƙera kusan kowane sashe nata sabo, daga robar ƙofa har farantin ƙasa. Kamfanin Dynacorn ma yana ƙera bodin ƙirar 1967 sukutum, da lasisin Ford. Abin lura ɗaya: notuna da kusoshin motar da inci aka auna su, sufanar milimita ba za ta zauna daidai ba, sai dai ta cinye kan noti.

Kafin a biya kuɗi

Abu na farko da ake dubawa shi ne lambar motar. Lambar VIN mai harafi 17 sai a 1981 ta zama ƙa'ida, ta Mustang ɗin wancan lokaci harafi 11 ce. Harafi na biyar shi ke nuna injin da ta fito da shi daga masana'anta. A ƙirar 1967, T na nufin ƙaramin inji mai silinda shida, C na nufin V8 na 289, S kuma na nufin 390. Wannan harafi ɗaya na iya sauya farashi sosai, domin akwai motoci da yawa da aka ɗora wa babban inji daga baya ana sayar da su kamar na asali. Ga motocin Ford daga 1967, akwai takardar da ake kira Marti Report, wadda ake ciro ta daga bayanan masana'anta, tana nuna launi, inji da sauran kayan da motar ta fito da su.

Abu na biyu shi ne tsatsa, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Chevelle da GTO bodi ne aka ɗora kan shasi mai zaman kansa. Mustang ba haka take ba, bodinta da shasinta a haɗe suke da walda, wato farantin ƙasa da gefunan ƙofa su ne ƙashin bayanta. Idan suka ruɓe, ba kyan motar kaɗai ya tafi ba, ƙarfin da ke riƙe ta ne ya tafi.

Wurin da ya fi yaudarar masu saye shi ne wani akwatin ƙarfe da ke tsakanin bonet da gilashin gaba, inda iska ke shiga. Ganye da ƙasa kan taru a ciki su toshe hanyar ruwa, ƙarfen ya ruɓe daga ciki, ruwan sama ya riƙa zuba kan farantin ƙasa shekara da shekaru. Daga waje ba a ganin komai. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba ruwa ta ragar da ke gaban gilashi, a leƙa ƙarƙashin sitiyari. Idan ya ɗigo, akwai aikin yanka da walda mai yawa a gaba. Sauran wuraren dubawa su ne ƙasan but, bayan tayoyin baya, dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin mota, da kuma turakun da ke riƙe shokabzoba a ɗakin inji, waɗanda kan tsage.

Ana kuma tafiya da ƙaramin mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa a jikin mota, alama ce an cike rami da fila an shafe da fenti. Inda motar ta zauna ma yana da muhimmanci. A jihohin arewa irin su Michigan da Ohio ana zuba gishiri a titi lokacin dusar ƙanƙara, gishiri kuwa abokin gabar ƙarfe ne. Shi ya sa motar Arizona ko Nevada, ko da rana ta ƙona fentinta da kujerunta, takan fi daraja. Kujera sayo ta ake yi, ƙarfe kuwa sai an yanka an yi walda.

Wargazawa da jerin aiki

Kwance mota na iya ɗaukar mako biyu, mayar da ita na iya ɗaukar shekara uku. Babu wanda zai tuna inda wani ƙaramin noti ya fito bayan shekara uku. Don haka kafin a kwance komai a ɗauki hotonsa ta fuska biyu ko uku, a zuba kusoshinsa a leda a rubuta suna, a sa wa kowace waya alama. Masu tsari kan buɗe jadawali a kwamfuta, kowane sashe da layinsa: za a gyara, za a sauya, an saya, nawa aka kashe. Hotunan kuma a ajiye kwafinsu a wuri biyu, domin waya na iya ɓata. Kada a jefar da tsohon sashe sai an gwada sabon ya zauna, saboda sababbin da ake ƙerawa ba kullum suke dacewa ba.

Jerin aikin shi ne: a cire fenti a ga ainihin ƙarfe, a gama duk aikin walda, a gwada ƙofofi da bonet a ga sun daidaita, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa, sannan ƙafafu da birki, fenti, inji da giya, wayoyi, sai kujeru da gilashi a ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne fara gina inji saboda shi ne mai daɗi. Sai a kashe rabin kuɗin a kansa, ya zauna a lungu shekara biyu yana jiran bodin da babu kuɗin gyara shi.

Wajen walda akwai ƙa'idoji biyu. Kafin a yanke farantin ƙasa, a gitta ƙarafa a bakin ƙofofi a kama su da walda, in ba haka ba bodin zai lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa. Sannan farantin mota bai wuce kaurin milimita ɗaya ba, zafi kaɗan ke murɗe shi. Ana yin waldar ɗigo-ɗigo ne, a ɗiga nan a tsallaka can, a bari ya huce, har layin ya cika.

Inji da man zamani

Ana fara auna matsin kowace silinda. Ƙa'idar makanikai ita ce kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Idan sai an buɗe inji, aikin gogar silinda da karanshaf na masu injin sassaƙa ƙarfe ne, haɗawa ce ake yi a gida.

Akwai tarko uku da zamani ya kawo. Na ɗaya, an ƙera injunan ne don fetur mai dalma, wadda ke kare mazaunin bawul, kuma an haramta irin wannan fetur a titunan Amurka tun 1996. Shi ya sa ake sa mazaunin bawul mai tauri idan an buɗe kan inji. Na biyu, yawancin fetur ɗin Amurka yanzu yana da kashi 10 na ethanol, wanda ke cin tsofaffin robobin mai kuma yana jan danshi. Na uku shi ne baƙin mai. Kamshaf na waɗannan injuna yana gogar abin da ke ɗaga bawul kai tsaye, ƙarfe da ƙarfe, yana bukatar sinadarin zinc da ake kira ZDDP. An rage wannan sinadari a man zamani saboda yana lalata na'urar tace hayaƙi. Sabon kamshaf na bukatar mai na musamman, kuma a tashin farko a riƙe injin a wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti har tsawon minti 20 zuwa 30. Wanda ya bar shi yana aiki a hankali yana sauraren ƙararsa zai iya cinye kamshaf ɗin a ranar farko.

Wani ƙaramin abu da ke hana mutane barci shi ne jerin wutar fulogi. A injin 289 jerin shi ne 1-5-4-2-6-3-7-8, amma injin 351 Windsor, wanda ya yi kama da shi sosai, nasa 1-3-7-2-6-5-4-8 ne. Idan inji na tari, a sauya abu ɗaya a gwada, sannan a koma na gaba. Wanda ya taɓa kabureta da distiributa da fulogi a lokaci guda ba zai san wanne ya gyara ba, kuma ba zai san wanne ya ɓata ba.

Birki, wayoyi da lafiyar mai gyara

Mustang ta 1965 da 1966 layin man birki ɗaya gare ta. Idan bututu ɗaya ya fashe, birkin taya huɗu ya tafi. Daga 1967 aka raba shi gida biyu. Yawancinsu kuma da birkin ganga suka fito, wanda ke raunana idan ya yi zafi, don haka ko masu son asali kan sa birkin faifai a gaba. Wayoyin da suka haura shekara hamsin kuwa robarsu ta bushe ta farfashe, gara a sauya su gaba ɗaya, domin gobara ba ta jira.

Mai gyaran ma yana cikin haɗari. Tsofaffin takalman birki da kuloci na iya ƙunsar asbestos, ba a hure ƙurarsu da iska. A wasu gaɓoɓin bodi akwai dalma da masana'anta ta cike. Fentin zamani mai haɗi biyu yana da sinadarin da ke illata huhu, takunkumin takarda ba ya tare shi. Kuma ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an kafa mata turakun ƙarfe.

Asali ko zamani?

Hanya biyu ce. Wasu na mayar da mota yadda ta fito daga masana'anta. Wasu na barin siffarta su zuba mata kayan yau: na'urar fesa mai ta lantarki irin Holley Sniper a maimakon kabureta, ko injin Coyote mai lita 5.0, ko ma Eluminator, injin lantarki mai ƙarfin doki 281 da Ford ta fito da shi a 2021. Injin Coyote yana da faɗi, yawanci sai an yanke turakun ɗakin inji kafin ya shiga, kuma abin da aka yanke ya yanku.

Harafi na biyar ɗin nan shi ya kamata ya yanke hukunci. Mota mai T ko C akwai irinta da yawa, ana iya sauya ta ba tare da babbar asara ba. Mai S da injinta na asali kuwa duk abin da aka yanka a jikinta darajarta aka rage. Idan kuma motar na tashi kuma ƙarfenta lafiya lau, masu ƙwarewa kan ba da shawarar a gyara birki da wayoyi da layin mai, a tuƙa ta wasu watanni tukuna. A lokacin ne mutum zai gane abin da take bukata da gaske, kafin ya kwance notin farko.