Karofin Ƙofar Mata da Hikimar Rini Ba Tare da Almubazzaranci Ba

A wannan zamani da masana ke kokawa da dattin ruwan da masaƙu ke kwararawa cikin koguna, ya kamata mai hankali ya waiwayi marinar Ƙofar Mata ta birnin Kano, wadda ake danganta asalinta da shekarar 1498, domin kuwa abin da ake nema yau da sunan kiyaye muhalli, marina sun daɗe suna aikata shi bisa al'ada.

Marini ba ya zuba kome a karofi face ruwa da toka da katsi da shunin da aka samu daga ganyen baba. Sa'an nan ya yi haƙuri kwanaki yana motsawa har rinin ya nuna. Idan ya tsoma zane ya ɗago, sai ya fito kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonsa. Abin da ya fi ƙayatarwa kuwa shi ne, in rinin ya mutu ba a zubar da laka ta ƙasan ramin, a'a, akan kwashe ta a shanya, a ƙone ta zama katsi, wanda ke komawa karofi, ko kuma magina su haɗa shi da dafara da gashin jima su yi laso na shafe soraye.

Sai dai tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin sinadari a 1897, araharsa ta rinjayi kasuwa, har ramuka da dama suka bushe. A ganina wajibi ne hukuma da attajirai su tallafa wa sauran marina, musamman wajen noman baba.