Sunan da Babu Irinsa a Unguwa

Kwana bakwai ne tsakanin haihuwa da yankan rago, kuma a gidaje da yawa na biranenmu waɗannan kwanaki sun zama na jarrabawa ga angon ƙarni. Mai jego tana ɗaki ana fama da ruwan wanka da kunun kanwa, shi kuwa yana zaure ko bakin shago, ya duƙufa a kan waya yana bin jerin sunaye. Abokai suna ta turo masa ta WhatsApp: Ayman, Fawwaz, Nawwaf, Affan, Rayyan. Sai ya furta ɗaya a hankali, ya haɗa da nasa sunan ya ji ko sun zauna, ya girgiza kai ya wuce. Wannan ɗan maƙwabci ya riga shi, wancan akwai uku a Islamiyyar layinsu. Abin da yake nema shi ne sunan da in an kira, ɗansa kaɗai zai waiwayo.

Dattawa kan kira wannan iyayi. Ni kam ban ga iyayi a asalin buƙatar ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rajistar aji a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san yadda ake yi in aka kira Muhammad ko Abubakar: kusan benci guda ne zai amsa. Matsalar tsohuwa ce, kuma kakanninmu sun san ta sarai. Bambancinmu da su shi ne hanyar da suka bi suka warware ta.

Su sun raba aikin gida biyu. Sunan yanka, wanda liman ke raɗawa, aikinsa ya ɗaure yaro da addininsa da danginsa, don haka ba a damu ba ko mutum ɗari ne ke amsa shi a gari. Aikin bambancewa kuwa an bar wa laƙabi. Namijin da ya biyo bayan mata shi ne Tanko, wanda ya biyo tagwaye Gambo, wanda ya zo da yatsa shida Cindo. Wanda aka haifa ranar Idi Sallau, na watan azumi Labaran, na lokacin noma Nomau, wanda ya daɗe a ciki Shekarau. Ranakun mako ma kowace da nata: Ɗanladi, Ɗanlami, Ɗanjuma, Ɗan'asabe, Balarabe. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa takan kira wanda ya zo Ajuji ko Bawa, wai ko mutuwa ta raina shi ta ƙyale mata. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ɗan gajeren tarihi ne, da jin sa ka san wani abu game da ranar da yaron ya faɗo duniya da halin da uwarsa take ciki. Gidajen malamai suka ƙara da lissafi, duk 'ya'ya maza Muhammadu ne, sai a bi su da Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru. Da boko ta zo, ɗalibai suka riƙa jingina sunansu da garinsu, abin da ya ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sau da yawa laƙabin ma kan danne sunan yankan ɗungurungum. Mutum nawa ne za su gane Ɗanmaraya Jos in aka ce musu Adamu? Attajirin nan na Kano, Alhassan, wanda ya rasu a 1955, da sunan matar da ta raine shi, Tata, duniya ta san shi, kuma har yau da shi ake kiran zuriyarsa.

Wannan tsari ne ya raunana. Ɗan boko na yau yana jin Tanko ko Nomau ƙauyanci ne, wani kuma an gaya masa sunayen Maguzawa ne. Takardun hukuma su ma ba su san laƙabi ba, abin da aka rubuta shi ne mutum. Sai nauyin gaba ɗaya ya koma kan suna guda: shi ne na addini, shi ne na takarda, kuma shi ake so ya fitar da yaro daga cikin tsara. Shi ya sa uba ke kwana a kan waya.

Ta fuskar addini, babu inda aka ce sai sunan da aka saba ji. A cikin Suratu Maryam, lokacin da aka yi wa Annabi Zakariyya bushara da ɗa, an ambaci rashin takwara kafinsa a cikin abin da aka keɓe Yahaya da shi. Sunan Muhammadu kansa, wanda yau babu kamarsa yawa a ƙasarmu, baƙo ne a tsakanin Larabawa lokacin da Abdulmuɗɗalibi ya zaɓa wa jikansa, har masu tarihi suka ruwaito cewa Ƙuraishawa sun tambaye shi dalilin da ya bar sunayen iyayensa. Abin da shari'a ta tsaya a kai shi ne ma'ana. Hadisin Muslim ya nuna Abdullahi da Abdurrahman su ne mafi soyuwa a wurin Allah, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sauya wa mutane da dama sunayen da ma'anarsu ba ta yi kyau ba. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kakan Sa'idu ɗan Musayyib, babban malamin Madina. Sunansa Hazn, wato ƙasa mai tsauri da wuyar takawa. Aka ce masa ya koma Sahl, mai sauƙi, ya ce shi ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Jikan nasa ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. Bahaushe da ya ce suna linzami ne, nan ya dosa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya ware babi guda a kan suna a littafinsa Tuhfatul Maududi, kuma uban da ke da kwana bakwai a hannu zai fi cin riba in ya zauna da malamin da ya karanta shi fiye da jerin da ba a san wanda ya tsara ba.

To, daga ina sababbin sunayen ke fitowa? Kaso mai yawa daga shahararrun mutane ne. Tun da kaset ɗin karatun limaman Harami ya cika kasuwanni, aka samu yara masu suna Sudais da Shuraim. Abin da iyaye da yawa ba su lura da shi ba, waɗannan sunayen dangi ne. Shi Sudais sunansa na yanka Abdurrahman, wato dai sunan da uban ya tsallake don ya yi yawa a unguwa. Albani kuwa jinginawa ce ga ƙasar Albaniya, inda aka haifi Shaihu Muhammadu Nasiruddin a 1914. Kafin mu yi dariya, mu tuna kakanninmu sun yi irin wannan tun tuni. Buhari mutumin Bukhara ne, birnin da ke ƙasar Uzbekistan a yau, kuma sunan malamin hadisin Muhammadu ɗan Isma'ila. Haka Sanusi da Tijjani da Gazali da Jilani da Suyuɗi, duk jinginawa ce ga gari ko ƙabila ko dangin wani malami da aka karanta littafinsa ko aka bi ɗariƙarsa. Akwai ranar da kowannensu baƙo ne a kunnen Bahaushe. Yau ga Buhari ya mulki Najeriya har sau biyu, ga Sanusi a gidan sarautar Kano, ba wanda ke tambayar daga ina suka zo.

Inda nake da ja shi ne sunan da aka ɗauko daga labaran rediyo ana cikin zafin rai. Lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 an yi ta raɗa wa yara Saddam. Bayan harin Satumba na 2001 a Amurka, yawan jariran da aka sa wa Usama a Kano ya kai har kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Waɗannan yara yanzu magidanta ne, suna neman aiki da fasfo da biza. Masu suna Usama suna da mafita, domin Usama ɗan Zaidu sahabi ne da Manzon Allah ke ƙauna, ya kuma ba shi jagorancin runduna yana matashi. Mai suna Saddam ba shi da wani sahabi da zai koma gare shi. Malamin da ya rasu shekara dubu da suka wuce an gama rubuta tarihinsa. Shugaban da ke kan mulki ko tauraron da ke tashe, ba ka san da me zai cika ba.

Sai kuma waɗanda ake zaɓa don daɗin amo kawai. An sha ganin haka a wajen suna da sanyin safiya, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, farantin goro da dabino na zagayawa, ragon na ɗaure a gindin bishiya. Liman ya karkato da kunne, uba ya raɗa masa. Liman ya ɗan yi shiru.

"Alhaji, sake faɗa mini."

Uba ya maimaita.

"Me yake nufi?"

"Allah gafarta Malam, na Larabci ne dai."

Ba kowace kalmar Larabci ce suna ba, kuma ba kowace kalmar da ta zo a Alƙur'ani ce ta dace da ɗan Musulmi ba, ai Fir'auna da Hamana da Ƙaruna duk a ciki suke. An ruwaito cewa Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, bai so a sa wa yaro Yasin ba. Malamai sun haɗu a kan cewa ba a jingina bauta ga wanin Allah a cikin suna, ba a kuma kiran mutum da sunan da ya keɓanta da Ubangiji. Wannan ya shafi ɗabi'ar nan ta gutsure suna don ya yi gayu, Abdurrazaƙ ya koma Razaƙ, Abdussamad ya koma Samad.

Abin mamaki, rumbu biyu na nan cike a kusa da mu, ba a cika buɗe su ba. Na farko shi ne na sahabbai. Ibnu Hajar ya tara dubbansu a cikin Al-Isaba, mu kuwa muna ta juya 'yan ƙalilan. Ina Ukasha, wanda ya yi wuf ya nemi a roƙa masa shiga Aljanna ba hisabi, ya samu? Ina Arƙam, wanda a gidansa Musulmin farko suka riƙa haɗuwa a ɓoye a Makka? Ga Habbab maƙeri da ya sha azaba bai ja da baya ba, ga Miƙdad, ga Ubayyu makarancin Alƙur'ani. A annabawa ma Alyasa'u da Zulkifilu da Hudu ba su yi yawa ba. Kowane ɗaya yana da labarin da uba zai zaunar da ɗansa ya ba shi ranar da ya tambaya.

Rumbu na biyu namu ne na gida. Jerin sarakunan Kano ya faro da Bagauda a shekara ta 999, ya bi ta kan Warisi da Gijimasu da Naguji, ya zo kan Yaji wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, a zamaninsa Wangarawa suka iso da Musulunci fada, har zuwa Muhammadu Rumfa da Kutumbi. Katsina na da Korau, Kabi na da Kanta, Gobir na da Bawa Jangwarzo, Zazzau na da Jatau da Makau. Ba na cewa a kwaso su duka, wasu ma'anarsu ta ɓace mana, wasu kuma suna da alaƙa da al'adun da aka bari. Amma dubi yadda sarakunan da suka musulunta suka yi: Ali Yaji, Muhammadu Rumfa, Muhammadu Korau. Sunan Musulunci a gaba, na gida a baya, ba wanda ya ture wani. Yau a ajin firamare na cikin birni, yaron da ake kira Tanko ko Maiwada ko Jatau ya fi mai suna Ayman zama shi kaɗai.

Akwai kuma haƙƙin gida. A fiƙihu uba ne ke da ikon zaɓe, amma a al'ada ɗan fari namiji kusan kowa ya san inda sunansa zai fito, wajen kakansa na uba ko na uwa. Saurayin uban da ya tsallake mahaifinsa ya ɗauko suna daga waya, ba za a ce masa komai ranar suna ba, amma za a daɗe ana jin abin a zuciya. Alkunya ce ta samar da hanyar sulhu. Tunda surukar gida ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsau ba, sai a sakaya: Abubakar ya zama Sadik, Umaru Faruk, Aliyu Haidar, Ibrahim Halil, Usman Zunnuraini, ko a ce Abba, Baffa, Walid, Halifa. Ta wannan ƙofa tsoho ya samu takwara, uwa ta samu sunan da take marmari.

Kafin a yanke shawara, a kai wa kakar yaron sunan ta furta. Harshen Hausa yana da yadda yake lanƙwasa baƙin Larabci, shi ya mayar da Murtada Murtala, Fadlu Falalu, Khidir Halliru, Uthman Usman. Duk abin da ya fito daga bakin tsohuwar nan, shi unguwa za ta ɗauka, ko uba ya so ko bai so ba. In abin da ya fito ya yi kama da wata kalmar Hausa da yara za su yi waƙa da ita a hanyar makaranta, gara a sani tun rago bai faɗi ba.

Daga nan sai rubutu. Sunan da aka saba da shi ma yana shan wahala a hannun ma'aikata, Muhammad da Mohammed da Muhammadu, ko Usman a Katsina ya zama Ousmane a Maraɗi, balle wanda magatakarda bai taɓa ji ba. Huzaifa kaɗai ana iya rubuta shi ta hanya uku ko huɗu. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta ɗauki ɗaya, firamare ta rubuta wani, NIN ta zo da na uku, ranar da yaro zai yi rajistar JAMB ko ya buɗe asusun banki kwamfuta ta ce ba mutum ɗaya ba ne. Daga nan sai zaryar kotu don takardar rantsuwa da biyan kuɗin sanarwa a jarida. Uban da ya zaɓi sunan da ba a saba ji ba, ya zauna tun a makon haihuwa ya tsayar da harufansa ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a takarda da hannunsa, ya miƙa wa ma'aikacin rajista, kuma kada ya bar wurin sai ya karanta abin da aka buga.