Bashin shekara takwas: ranar da masu karɓar bashi suka sauka a gidan Goggo

Ranar kasuwar Zebilla ce, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Goggo ce, ƙanwar mahaifina, muryarta na rawa.

"Ɗana, kana ina? Zo maza. Ga wasu mutum biyu nan da takarda, wai in ban dangwala ba, yau a ofishin 'yan sanda zan kwana."

Na bar abin da nake yi na hau babur. Na tarar da samari biyu a zaure, ɗaya riƙe da fayil, ɗayan har ya buɗe tawadar dangwale ya ajiye a kan benci. Maƙwabta na leƙe ta kan katanga. Goggo, wadda ta fi shekara talatin tana kai albasa Kumasi ba wanda ya taɓa jin kanta da kowa, ta takure a kan tabarma, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Asalin maganar ba ɓoyayye ba ne a gidanmu. A 2016 Goggo ta karɓi rancen sidi 2,000 a wani ƙaramin kamfanin ba da rance. Tana biya kaɗan-kaɗan har ya rage sidi 600. Sai motar da ta ɗauko mata kaya ta lalace a hanya kwana da kwanaki, albasa ta ruɓe, jari ya karye. Biyanta na ƙarshe a watan Maris na 2017 ne. Daga baya ofishin kamfanin ya rufe, ba wanda ya sake zuwa. Sai ga waɗannan bayin Allah bayan shekara takwas, suna cewa da kuɗin ruwa da tara bashin ya kai sidi 7,800. Goggo, kamar yawancin tsofaffinmu, har gobe da tsohon kuɗin kafin canjin 2007 take lissafi, don haka abin da ya shiga kunnenta miliyan 78 ne.

Babban cikinsu ya sassauta murya. "Mma, ba faɗa muka zo ba. Ki ba da ko sidi 50 ne yau ta MoMo, ki dangwala nan, shi ke nan mun tafi."

Ban san doka ba a lokacin, amma sauƙin nan ya yi mini yawa. Mai bin miliyan 78 me zai yi da sidi 50? Na roƙe su mako guda, na karɓi lambarsu, na ɗauki hoton takardar. Washegari na shiga mota zuwa Bolga wajen wani abokin karatuna da ya zama lauya.

Abin da doka ta ce

Yana gama karanta takardar ya tambaye ni abu ɗaya: "Ta dangwala? Ta ba da ko sisi?" Na ce a'a. Ya ce, "To Allah Ya taimake ku."

Ghana na da dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara tun 1972, wadda lauyoyi ke kira NRCD 54. A ƙarƙashinta, bashi irin na Goggo, wato na yarjejeniya ta yau da kullum, mai bi yana da shekara 6 ya kai ƙara kotu. Lissafin yana farawa daga ranar da biya ya wajaba aka kasa. In shekara shida ta cika bai kai ƙara ba, wanda ake bi na da damar ya ce wa alƙali lokaci ya wuce.

Sai dai dokar tana da ƙofa, kuma ta nan samarin suka so shigowa. In wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce ya sa hannu, ko ya biya wani abu daga ciki komai ƙanƙantarsa, lissafin na iya komawa farko. Sidi 50 ɗin nan da dangwalen, ba don su rage bashi ba ne, don su tayar da shi ne daga kabari, da sabuwar shekara shida, kuma a kan adadin da su suka rubuta.

Abokina ya ja kunnena a kan abubuwa uku, ni ma ina jan naku. Na farko, ba kowane bashi ne ke da shekara shida ba. Wanda kotu ta riga ta yanke hukunci a kansa, ko wanda aka jinginar da gida ko fili saboda shi, wa'adinsa shekara 12 ne. Na biyu, dokar ba ta aiki da kanta. In sammaci ya zo ka jefa shi ƙarƙashin katifa kana cewa ai tsohon bashi ne, za a yanke hukunci a bayan idonka. Sai ka je, kai ko lauyanka, ka faɗa da bakinka cewa wa'adi ya wuce. Na uku, dokar ƙofar kotu ta rufe, ba ta shafe bashin ba. Mai bi na iya zuwa ya yi sallama ya tambayi haƙƙinsa. Abin da ba shi da ikon yi shi ne tsoratarwa, ko tozarta mutum a unguwa, ko kwashe masa kaya da ƙarfi.

Maganar kwana a ofishin 'yan sanda kuwa, dariya ya yi. Kasa biyan bashi shari'a ce tsakanin mutum da mutum, ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne, sai fa in da damfara aka karɓi kuɗin tun farko. Ya kuma tuna mini da wata tsohuwar doka ta 1912 da ke kare wanda bai iya karatu ba: dole a karanta masa takarda, a fassara masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala. Takardar Goggo da Turanci take, ba wanda ya karanta mata ko layi ɗaya.

Me ya sa yanzu?

Duk wanda ke kasuwanci daga Zebilla zuwa Bawku, ko Yendi da Salaga, ya san yadda kamfanonin rance suka cika gari a shekarun baya. A watan Mayu na 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin kuɗi 347 a rana ɗaya, ya naɗa wanda zai tattara kadarorinsu, har da basussukan da suke bin jama'a. Ofisoshi sun rufe, amma littattafan bashi ba su ƙone ba. Wasu suna hannun waɗanda doka ta ba izini, wasu kuma Allah kaɗai Ya san hannun da suka faɗa. Shi ya sa tambayar farko ga duk wanda ya zo maka da tsohon bashi ita ce: wa ya aiko ka, ina takardar izininka, kuma ina lissafin abin da na biya? Kada ka tura kuɗi a lambar MoMo ta wani mutum. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Taimakon Shari'a ta gwamnati, tana da ofis a Bolga. In kamfani mai lasisi ne ya wuce gona da iri, ana kai kukansa Babban Banki.

"To, kotun Allah fa?"

Na dawo gida da murna, na zauna na kwashe komai na gaya wa Goggo. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na ji ta kotun Bolga. To, kotun Allah fa, ita ma shekara shida ce?"

Na rasa amsa. Bayan Magariba muka je wajen limamin unguwarmu. Malam bai yi wata kwana-kwana ba. Ya ce a Musulunci bashi ba ya tsufa, ko mutum ya rasu sai an fitar da shi daga dukiyarsa kafin a raba gado. Ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma kafin ita akwai wadda ta umarci mai bi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ya ce, "Hajiya, sidi 600 da kika ci, haƙƙi ne a wuyanki. Abin da suka ɗora a kai kuwa, tunda doka ta ba ki mafita, ba wanda zai ce ki miƙa wuya."

Nan na gane cewa lauya da liman ba saɓani suka yi ba. Doka ta cire wa Goggo wuƙa daga wuya, addini kuma ya nuna mata abin da za ta yi da 'yancin da ta samu.

Amma biyan ma sai da dabara, tunda ko sisi ka bayar lissafi na iya komawa farko. Abokina ya rubuta musu wasiƙa da sunansa, ba da hannun Goggo ba, yana neman shaidar izini da cikakken lissafi. Sai da aka yi wata biyu kafin amsa ta zo, daga wani babba a ofishinsu, kuma muryar ta canza sarai. Aka daidaita a kan sidi 600, biya ɗaya, a asusun banki, bisa sharaɗin su fara ba da takarda mai sa hannu cewa da wannan kuɗin magana ta ƙare gaba ɗaya. Goggo ta kwashi adashinta, ta haɗa da kuɗin akuya ɗaya, ta biya.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne a zo maka da shi, kuma kunyar nan ita ce babban makamin masu zuwa da tawada a aljihu. In sun zo, a ba su wurin zama da ruwan sha, a karɓi takarda, a ce sai an yi shawara. Kada a dangwala, kada a ba da "ɗan wani abu" don su tafi. A nemo ranar biyan ƙarshe, a nemo rasit, a nemi wanda ya san doka. In an tabbatar haƙƙi ne, a biya mai shi, a karɓi shaida.

Takardar Goggo tana nan cikin leda a ƙasan akwatinta, tare da fasfonta na Makka. Ta ce in ta rasu, ita za mu fara nuna wa Malam kafin a yi maganar gado.